Tara Ciyawa A Ƙofar Marusa

'Yan'uwa, ran wata Asabar cikin watan Satumba na fita ta Ƙofar Marusa da hantsi, ina riƙe da ɗan dagi, ga kuma katako biyu a hammata da tsofaffin jaridu a tsakaninsu. Ban yi nisa ba na durƙusa bakin hanya ina tonon wani tushen gude-gude, ina kakkaɓe ƙasar saiwarsa a hankali kamar mai tonon gyaɗa. Sai ga wani tsoho ɗauke da kayan ciyawa za shi gari. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna, ya ce, "Samari, wannan doki naka ba shi da ci ne?" Na ce, "Baba, ba doki zan ba ba, takarda zan ba." Ya ce, "Ikon Allah! Yau ga takarda mai cin ciyawa." Ya sauke kayansa ya zauna don ya ga ƙarshen abin. Tun da ya ke da yawa daga cikinku sun yi mini irin wannan tambaya sa'ad da suka ga jaridu shanye a bakin ɗakina, na ga ya kamata in ba da amsa ɗaya wadda za ta ishi kowa.

Akwai wani irin gida da Turawa ke kira harbariyam, mu kuwa sai mu ce taskar tsirrai. Ba lambu ba ne, gama babu abu mai rai a ciki. Tsirrai ne da aka danne suka bushe, aka manna kowanne a kan farar takarda mai kauri, aka rubuta shaidarsa a gefe, aka jera cikin akwatuna dangi dangi kamar littattafai. Wani malamin likitanci na ƙasar Italiya, Luca Ghini, shi a ke ba farkon wannan dabara, wajen shekara ta 1540, kuma waɗansu takardun da almajiransa suka manna suna nan har yanzu ana iya gane abin da ke kansu. Taskar da ta fi shafarmu ita ce ta Kew, kusa da London, wadda aka fara cikin 1853, tana da takarda wajen miliyan 7. A ƙasarmu akwai ta Ma'aikatar Gandun Daji a Ibadan tun 1942, akwai kuma ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Amfaninta na fari shi ne raba gardama a kan suna. Ciyawar da Bakatsine ya ba suna kaza, Basakkwace ya kan kira ta da wani, kuma suna ɗaya kamar tsintsiya ko harkiya ya kan hau ciyawa biyu ko uku waɗanda ba iri ɗaya ba ne. Baki ba ya yanke wannan shari'a, sai an kawo ciyawar kanta. Saboda haka duk masanin da zai raɗa wa wani tsiro suna da harshen Latin, wanda masana na ko'ina suka yarda su yi aiki da shi, sai ya nuna takarda guda ya ce ga abin da ya ke nufi. Ita ce ta zama uwa, gare ta a ke komawa. Haka aka yi da iburu. Cikin 1915 wani masani na Kew, Otto Stapf, ya duba wanda aka aika masa daga ƙasar nan, ya ga ba acca ba ne ko da ya ke danginta ne, ya sa masa suna Digitaria iburua. Ku duba ku gani, kalmarmu ce ya ɗauka ya yi mata wutsiya.

Aikin tarawa ba wuya gare shi ba, sai dai yana son haƙuri. Ba a zuwa da fari-farin damina, domin ciyawar da ba ta fid da kai ba kusan duk kamarsu ɗaya. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba ne lokaci. A tono ta duka har saiwa, kada a fizge, gama saiwa ce ke faɗin ko mai mutuwa kowace shekara ce kamar ƙarangiya da burburwa, ko kuwa mai kwana a ƙasa ta sake tohowa kamar gamba da tofa. In ta fi takarda tsawo, a lanƙwasa ta sau ɗaya ko sau biyu. Takardar Kew inci 16 da rabi ce a tsaye, 10 da rabi a kwance, gamba kuwa ta kan fi mutum tsawo, don haka a kan ɗauki gindinta da gaɓar tsakiya da kai, a rubuta tsawonta. A shimfiɗa cikin jarida, a juya ganye ɗaya ya nuna bayansa, a danne tsakanin katako, a ɗaure da igiya tam. Kada kuma a ɓata wurin da ganye ya rabu da kubensa. Akwai wani ɗan harshe a wurin, wani na gashi ne wani na fata-fata, wanda sai da gilashin ƙara girma a ke ganinsa sosai, sau da yawa kuwa shi ke raba ciyawa da 'yar'uwarta.

Sa'an nan a riƙa sake jarida kowace safiya har ta bushe ƙayau. Nan ne na fara faɗuwa. Na ɗaure kayana na farko na jingine, na ce ai matsi ya isa, ban kwance ba sai bayan kwana biyar. Ko da na buɗe, sai wari ya tare ni, rabinsu sun yi funfuna sun baƙe. Bayan laima, abokan gaba su ne gara da ƙananan ƙwari. Masu tarawa na dā da guba su ke shafe takardunsu, yanzu kuwa a manyan taskoki sanyi a ke ba su, a sa su cikin ƙanƙara kwana da kwanaki har ƙwarin da ƙwansu su mutu.

Amma hasarar da ta fi ƙona mini rai ba ta funfuna ba ce. Cikin waɗanda suka tsira akwai biyu masu kyau ƙwarai, na kuwa dogara ga kaina ban rubuta kome a kansu ba. Da na zo mannawa, sai na rasa ko a gindin ganuwa na tono su ko a bakin lambu. Na kai wa malaminmu, ya juya su ya yaba, sa'an nan ya tambaye ni wuri da rana. Na ce ina tsammani wajen kaza ne. Ya miƙo mini ya ce in kai wa tsohon nan ya haɗa da kayansa. Na ji haushi a ranar, amma da na yi tunani sai na tuna abin da muka koya a zaure, cewa hadisi ba ya tsayuwa sai da isnadi, kome daɗin lafazinsa. Wa ya ji, daga wa, a ina? To, haka takardar tsiro ta ke. Isnadinta shi ne 'yar takardar shaida da a ke mannawa a kusurwa: sunan wanda ya tara, da lambar da ya ba ta, da rana da wata da shekara, da wurin, da irin ƙasar, ko jigawa ce ko fadama ko laka ko tsakuwa, da abin da ke tsire kusa da ita, da ko tana da yawa ko ɗai-ɗai ce. Sa'an nan sunanta na Hausa, da abin da a ke yi da ita, da bakin wanda aka ji. A rubuta nan take a gindin ciyawar, da fensir, don tawada ta kan zube in ruwa ya taɓa ta. Lamba ɗaya ba a ba tsiro biyu ita har abada, ko da na farkon ya ɓace.

Ba mu ne farkon masu tsugunawa a jejin ƙasar Hausa da katako a hammata ba. Likita Oudney, abokin tafiyar Clapperton, yana tara tsirrai tun daga Sahara har Barno, ya rasu a Murmur kusa da Katagum cikin Janairu 1824. Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato, ya biyo ta nan Katsina a komowarsa cikin wannan shekara. Abin da suka tara ya isa Ingila, Robert Brown ya yi bayaninsa cikin 1826, a nan ne ma ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da Mungo Park. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina cikin 1851 da 1853, daga baya wani Bafaranshe, Chevalier, ya sa sunansa ga shinkafar daji wadda ita ce kakar shinkafarmu ta gargajiya, ya kira ta Oryza barthii. Amma wanda ya fi su duka yi mana aiki shi ne Likita Dalziel. Haka a ke rubuta sunan, amma Diyel a ke faɗi, wannan kuwa sai a tambayi mutanen Sikotlan dalili. Ya zo cikin 1905, ya zauna Zungeru da Katagum da Sakkwato da waɗansu wurare, in ya gama duban marasa lafiya sai ya shiga jeji. Cikin 1916 ya buga ƙamus na sunayen itatuwa da ciyayi da Hausa. Da ya bar aiki ya koma Kew, shi da John Hutchinson suka tsara babban littafin tsirran Afirka ta Yamma daga 1927 zuwa 1936, ya bi shi da na amfaninsu cikin 1937. Ya rasu cikin 1948. Itacen hano da mu ke turare da ƙaronsa, da sunansa masana ke kiransa, Boswellia dalzielii.

Ina ganin girman wannan mutum ƙwarai, amma abu biyu na kan tsaya mini a rai game da takardun zamanin nan nasu. Na ɗaya, sunayen Hausa ɗin nan ba daga sama suka faɗo ba. Manoma ne da makiyaya da masu magani da 'yan ciyawa irin tsohon nan suka faɗa, amma al'adar lokacin ita ce a rubuta sunan mai tarawa kaɗai. An riƙe ruwayar, an yar da mai ruwaya. Na biyu, da yawa daga tsofaffin takardu ba su faɗi wuri ba sai a dunƙule, a ce Sakkwato, ko Katagum. To, birnin a ke nufi ko lardin? Tsakanin gefe da gefe na lardin Sakkwato tafiyar kwanaki ce a kan doki, wani gefen yashi wani gefen kurmi-kurmi. Mai son sa wannan takarda a taswira yau sai ya ɗiga ɗigonsa yana shakka.

Wannan ya kawo mu ga taswira, wadda ita ce rabin aikin na biyu. Ga yadda na yi tawa. Na ɗauki bakin ƙofar ya zama mafari, domin wuri ne da kowa ya sani, ba ya kuwa tashi. Na auna takuna a filin makaranta sau uku har na san taku nawa ke ba ni yadi 100. Na zana layin ganuwa yadda ya bi daga wajen Ƙofar Ƙaura ya nufi Ƙofar Durɓi, da hanya, da rafin Ginzo da lambunan da ke shan ruwansa, da kududdufai. Na raba takardar gida gida, kowane gida yadi 200. Duk inda na tono ciyawa sai in duba kamfas, in ƙirga taku, in ɗiga ɗigo in rubuta lambarta a kai. Masu manyan taswirori da digiri su ke aiki. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, digiri 7 da rabi da 'yan kai gabas da layin London, digiri ɗaya kuwa daga kudu zuwa arewa mil 69 ne. Wayar hannu ta kan ba da waɗannan lambobi har ta nuna gindin da mutum ke tsaye, ya kuwa kamata a rubuta su. Duk da haka kada a bar faɗin wurin da kalmomi, gama in hannu ya kuskure lamba ɗaya sai a tarar an kai ciyawar Katsina tsakiyar Azbin, ba kuwa mai ganewa sai in an rubuta cewa bakin lambu ne gabas da ƙofa.

Da ɗigo suka yi yawa sai taswirar ta fara magana. Ƙarangiya da burburwa suka jeru a kan yashi, gude-gude da ƙiri-ƙiri a inda ƙafa da kofato ke takawa, ƙyasuwa a inuwar shinge da gindin itatuwa, harkiya cikin gonaki. Amma akwai tarko a nan wanda ya kamata mai karatun taswira ya sani. Da na ɗaga tawa na duba daga nesa, sai na ga ɗigona duk sun bi hanya kamar jerin tururuwa. Ba ciyawa ce ke son hanya ba, ni ne ke ƙin ƙaya. Gidan da ba ɗigo a cikinsa ba ya nuna babu ciyawar a wurin, abin da ya nuna kawai ba a je ba. Manyan taswirori ma ba su tsira daga wannan ba, ɗigonsu ya kan taru a kewayen bariki da tashar jirgi da makarantu. Saboda haka yanzu gidan da na shiga na nema ban samu ba, sai in ja masa ɗan layi, don a bambanta shi da wanda ban taka ba.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan ciyawa? To, ai hatsi ma ciyawa ne, kowanne kuwa yana da danginsa a jeji waɗanda ba su shiga gona ba. Ku ɗauki alkama, wadda mu ke nomawa da rani a yi mana alkaki da taliya. Danginta na jeji ba su tsiro a nan, suna ƙasashen Turkiyya da Farisa da filayen kudancin Rasha. Cikinsu akwai wata doguwar ciyawa mai taurin rai da a ke kira ciyawar alkama, mai jure gishiri da sanyi da cuta. Alkama tana da wata cuta, tsatsa, mai cin kara har gona ta kwanta. Cikin 1961 wani masani a Kanada, Knott, ya yi dabara ya ɗauko ƙarfin jure tsatsa daga wannan ciyawa ya sa cikin alkama, cikin 1971 manoman Ostareliya suka sami iri mai ɗauke da shi. Da wata sabuwar tsatsa mai tsanani ta ɓullo a Uganda wajen 1999 ta karya irin alkama da yawa, wannan gadon na ciyawa bai karye ba. Kafin a yi haka duka, sai da wani ya tsuguna ya tara ta, ya rubuta inda ta ke.

Abin da ciyawar alkama ta ke ga alkama, shi ne geron daji ga geronmu. Yana tsiro a bakin Sahara daga Sanagal har Sudan, har da duwatsun Azbin, daga gare shi kuwa mutanen dā suka fid da gero. Mafi tsufan gero na gona da aka tono a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali ya kai shekara 4,500. Tsakanin na jeji da na gona ga shibra, wadda kowane ɗan manomi a cikinmu ya sani: tana ƙarama ba ka raba ta da gero, sai ta fid da kai ka ga ta riga shi nuna tana zubar da tsabarta. Masanan Kew na dā sun ɗauki ire-irenta iri dabam dabam ne, har suka sa wa ɗaya sunan Dalziel. Sai cikin 1977, bayan an jera takardu masu yawa an gwada, Brunken da abokan aikinsa suka nuna cewa gero da geron daji da shibra duk gida ɗaya ne, suna barbarar juna. A littattafan masana har yau da sunanta na Hausa a ke kiranta. Cikin 1985 kuma masana a Amurka suka ba da labarin sun sami ƙarfin jure tsatsar gero daga wani geron daji da aka taro a Sanagal. Sai dai a lura, tsabar da ke kan takarda ta kan mutu da daɗewa. Iri mai rai a rumbun sanyi a ke ajiye shi, kamar na Sadore kusa da Yamai. Aikin takarda da taswira shi ne su gaya wa mai neman iri ƙofar da zai fita da watan da zai zo.

Gamba ma tana da nata labari, ita da muka fere alƙalami da karanta tun muna makarantar allo, mu ke kuma kewaye gida da zananta. Cikin 1973 aka ɗauki irinta daga Shika ta wajen Zariya aka kai Kolombiya, cikin 1980 aka ba makiyayan can da na Barazil ita, domin tana yi a ƙasa mai tsami inda waɗansu ciyayi ba su yi. A arewacin Ostareliya kuwa, inda aka kai ta tun wajen 1931 don shanu, ta fi ƙarfin masu ita. Ta bazu cikin jeji, ba mai yanka ta ya yi zana, in gobara ta kama ta sai ta ƙone har manyan itatuwa, cikin 2012 hukumar ƙasar ta sa ta cikin miyagun ciyayi. Da tsofaffin takardu da taswira a ke bin sawun irin wannan yaɗuwa, shekara kaza tana nan, shekara kaza ta kai can.

Abin mamaki, gambar da ta gagari mutanen Ostareliya ni sai da na sha tafiya kafin na same ta, a kan iyakar wata gona inda mai gonar ya dasa ta da hannunsa. Tsohon nan, wanda yanzu ya zama malamina na biyu, ya nuna mini da sandarsa wuraren da ya ce yana yaro nan su ke yankan gamba da tsaure, duk gidaje ne yanzu. Ya ce iyayensa sun ba shi labarin yunwar 1914, yadda aka riƙa sussukar ƙarangiya da gude-gude, har ana tona gidan tururuwa don tsabar da ta tara. Ya ce yaran yanzu ba su san ana cin su ba. Na gaskata shi, amma na gaya masa in na kai maganarsa gaban masana za su ce ina takarda, ina rana. Ya ce to in rubuta, in kuma sa cewa shi ya faɗa. Na rubuta a littafina da ranar da ya faɗa, kowace takardar da ya ba ni sunan ciyawarta kuwa sunansa na kanta ƙarƙashin nawa.

Yanzu ina da takarda 34 da suka bushe lafiya, malaminmu ya ba mu akwati a ɗakin karatu, wanda ke so ya zo ya gani. Kowace ciyawa biyu na ke ɗauka, ɗaya ta zauna nan, ɗaya a aika babbar taska a tabbatar da sunanta. Taswirar tana manne a cikin murfin akwatin, za ku ga gidajen da ke hayin rafi duk fari fat, sauran ƙofofin birni kuwa ko farawa ba a yi ba. Masu zuwa gida hutu ta wajen Daura ko Jibiya ko Dutsin-ma, in kun yarda ku zo in nuna muku ɗaurin katako, ba ya cin rabin sa'a. Ni dai ran Asabar mai zuwa za mu fita da tsohon tun da asuba, ya ce akwai wata fadama da ya san jema na nan, in ba a riga an nome ta ba.